Me zan rubuta a fom ɗin tantance semina?

Ɗan Funtuwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekarar farko ta digiri na biyu a fannin binciken tsara ayyuka, wato lissafin nemo hanya mafi dacewa ta raba kaya, kuɗi ko lokaci. A sashenmu wajibi ne mu halarci seminar ɗalibai duk Laraba, in an gama a miƙa wa kowa fom ya ba da maki ya rubuta sharhi. Da zarar an shiga lissafi, silayid kawai nake gani suna wucewa. Ta makon jiya a kan layin marasa lafiya a wani asibiti ce. Na fahimci matsalar, amma ban iya cewa aikin ya yi ko bai yi ba. Abokaina "ya yi ƙoƙari" suke rubutawa su miƙa. Ni abin yana damuna, don watarana ni ne a gaban allon, kuma ba irin wannan sharhin nake so a ba ni ba. Don Allah me ya kamata in duba?

Malamar Lissafi:
Wa alaikumus salam ƙanina. Daina ƙoƙarin bin lissafin ɗaya bayan ɗaya, ko manyan malaman da ke kujerun gaba ba za su tabbatar da shi cikin rabin awa ba. Abin da za ka iya kamawa daga inda kake zaune shi ne sharuɗɗan da mai gabatarwa ya ɗora aikin a kai, wato abubuwan da ya ɗauka haka suke kafin ya fara lissafi.

Ɗauki na asibitin nan. Lissafin layi ya samo asali ne daga Erlang, ɗan ƙasar Denmak, wanda ya yi nazarin kiran waya a 1909. Mafi sauƙin samfurinsa yana ɗauka cewa mutane na zuwa jefi-jefi, ba a shirye ba, kuma matsakaicin zuwansu ba ya canzawa duk yini. To haka asibitocinmu suke? Tun bayan sallar Asuba ake kama layin kati, kafin likita ya zauna benci ya cika, da azahar kuma wurin wayam. In ya tattara yinin duka ya raba da awanni, cunkoson safe ya ɓace a takarda.

Ga abin da za ka iya yi a bayan fom ɗinka. A wannan samfurin, in likita ɗaya yana ganin mutum 10 a awa, masu zuwa kuma 8 ne, matsakaicin lokacin da mutum zai ɓata minti 30 ne. In masu zuwa suka zama 9, ya koma awa guda. In suka kai 10 ko suka wuce, layin ba shi da ranar daidaituwa, ƙa'idar ma ta daina aiki. Saboda haka ka fara neman waɗannan lambobi biyu a silayid ɗinsa, ka tambaye shi da wane lokaci ya ƙirga su.

Injiniya Mai Tirela:
Malama ta gama magana a kan layi. Ni harkar jigila nake yi, kuma nakan zauna a irin waɗannan seminoni in an gayyace ni. Rabin ayyukan da nake gani matsalar sufuri ce, wadda masanin lissafi Hitchcock ya tsara tun 1941: ɗakunan ajiya kaza, kasuwanni kaza, a rage kuɗin dako. Ɗalibi ya zuba lambobi a manhajar lissafi ta TORA ko Excel Solver, ya ce ya rage kuɗi. Tambayata kullum: ka rage idan aka kwatanta da me? Kuma wa ya ba ka farashin?

Samfurin yana ɗauka cewa kowane buhu kuɗin dakonsa ɗaya ne. Direba kuwa kuɗin lodi yake karɓa, mota ta cika ko ba ta cika ba, ga shingaye a hanya, ga damina in ta lalata titi. In amsar ta fito mota 3.6, ka tambaye shi yadda ya yi da ita, domin mayar da ita 4 kai tsaye ba lallai ya ba da amsa mafi kyau ba, wani lokaci ma ya karya sharaɗin da aka gindaya.

Yar PhD:
Malama, a gafarce ni, a nan ban bi ki gaba ɗaya ba. In ya saba da tsallake lissafi, zai gama digiri bai iya karanta aikin wani ba. Ɗan'uwa, ka nemi taƙaitaccen bayanin aikin tun kafin ranar, ka zaɓi abu ɗaya tak, misali sharuɗɗan ƙuntatawa, wato iyakokin da amsar ba za ta ƙetare ba, ka bi su har ka gane kowane harafi me yake wakilta. Sau da yawa a nan ake samun an haɗa tan da buhu a layi ɗaya.

Sannan ka kula da harshe. Malamin da ke duba aikinsa yana zaune a wurin, kuma suka a bainar jama'a shi take taɓawa. Ka ce "Malam, a ƙara mana haske a kan kaza", sauran ka rubuta a fom.

Ɗan Funtuwa:
Allah Ya saka da alheri. To batun maki fa? In ya iya magana amma sharuɗɗan ba su zauna ba, nawa zan ba shi?

Malamar Lissafi:
Ƙanwata tana da gaskiya, ka haɗa duka biyun. Maki kuma ka raba su: ka ba shi nasa na iya gabatarwa cikakke, ka rage a gurbin hanyar bincike, ka rubuta dalili a jimla ɗaya da zai iya aiki da ita. Misali: "A raba alƙaluman safe da na rana, a sake lissafin kowanne daban." In fom ɗinku ba shi da gurbi biyu, ka ja layi da biro ka rubuta a ƙasa.