Tambaya a kan kiɗan metal da ake haɗawa da okestira

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana kiɗa na wannan zaure game da wani salo na Turawa da ake kira symphonic metal, wanda na ga wasu ɗalibai a nan Samaru sun fara saurare. Abin da kunnena ke ji shi ne jitar lantarki mai tsananin ƙara da ganguna masu gudu, a bayansu kuma ga tarin goge da ƙahonni, sannan sau da yawa mace ce ke rera waƙar da murya irin ta ofera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake yi da waƙa. Daga ina wannan haɗin ya samo asali? Kuma shin makaɗan okestira na gaske, wato babban taron masu goge da ƙahonni, ne suke kaɗawa, ko kuwa fiyano ne kawai da kwamfuta, kamar yadda ake yi a situdiyoyinmu na Kano da Kaduna?

Malamin Kongo:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Haɗin ya girmi sunan da ake kiransa da shi yanzu. A 1969 ƙungiyar Deep Purple ta hau dandalin Royal Albert Hall da ke Landan tare da Royal Philharmonic Orchestra, suka kaɗa wani dogon kiɗa da mai fiyanonsu Jon Lord ya tsara, Malcolm Arnold yana jagorantar makaɗan. Wannan ya faru ne tun kafin Black Sabbath ta birnin Birmingham ta fitar da kundinta na farko a 1970, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin mafarin metal. Amma abin bai zama salo mai zaman kansa ba sai a tsakiyar shekarun 1990, kuma a arewacin Turai ya kafu. Ƙungiyar Therion ta Suwidin ta fitar da kundin Theli a 1996 cike da muryoyin mawaƙan taro, a shekarar ce kuma aka kafa Nightwish a garin Kitee na Finlan da Within Temptation a Holan, Epica ta biyo baya a 2002.

Game da tambayarka ta biyu, duka biyun akwai, kuma kuɗi ne ke raba gardama. Cikakkiyar okestira takan kai mutum 80 ko fiye, kowannensu da ladansa, ga kuɗin zauren ɗaukar sauti, ga na wanda zai rubuta wa kowane rukuni abin da zai kaɗa. Saboda haka kusan dukkansu da fiyano suka fara. Nightwish sai da ta yi suna ta samu halin ɗaukar okestira a Landan don kundin Once na 2004, inda Pip Williams ya tsara ɓangaren makaɗan. Ƙungiyar Dimmu Borgir ta Norwe kuwa Prague ta tafi a 2003 don ta ɗauki okestira.

Mai Situdiyo, Sabon Gari:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Zan ƙara abin da ya shafi sana'armu, domin wahalar wannan kiɗa a wurin haɗa sauti take. Jitar metal, idan aka bi da ita ta amfilifaya aka murɗa ta har sautinta ya yi kaushi, takan mamaye tsakiyar sauti gaba ɗaya, a nan ne kuma celo, wato babban gogen Turawa, da matsakaitan goge da ƙahonni suke zaune. Idan aka sake su tare ba tare da dabara ba, jita za ta haɗiye su, mai saurare ya ji wani gurnani a baya wanda bai san amfaninsa ba. Don haka mai tsari yakan tura goge sama can inda jita ba ta kaiwa, ya bar ƙasa ga ganga da jitar bes, ko kuma ya sa jita ta yi shiru na ɗan lokaci okestira ta yi magana ita kaɗai.

Akwai kuma wani abu da ke sa haɗin ya yiwu tun farko. Mai jitar metal yawanci sauti biyu kawai yake dannawa a lokaci guda, domin idan ya ƙara na ukun, wanda shi ne ke nuna ko kiɗa na murna ne ko na baƙin ciki, kaushin na'urar zai dagula shi. Wannan gurbin da ya bari shi ne okestira ke cikewa. A wurin wasa kuwa, kada ka ruɗu da bidiyo: in ban da manyan bukukuwa irin wanda Within Temptation ta yi da Metropole Orchestra a Rotterdam a 2008, yawanci sautin okestira daga kwamfuta yake fitowa, mai ganga yana sanye da abin kunne da ke ƙirga masa bugu don kada ya riga na'urar ko ta riga shi.

Yaya Ta Tudun Wada:

Na yi mamaki da ba wanda ya ambaci ƙungiyar Metallica, wadda ta yi wasa da okestirar San Francisco Symphony a 1999 ƙarƙashin jagorancin Michael Kamen, domin ta nan ne mutane da yawa suka fara jin irin wannan haɗin. Sai dai ni a ganina aikin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Galibin waƙoƙin an riga an gama su shekaru da yawa kafin nan, ba su bar wa kowa wuri ba, sai aka zo aka ɗora musu goge daga sama kamar wanda ya sa alkyabba a kan kayan ƙwallo. Inda haɗin ke yin armashi shi ne inda aka rubuta kiɗan tun daga tushe da okestira a zuciya, yadda idan ka cire ta waƙar za ta rushe. Wanda ke son ya gane cewa kayan kiɗan gargajiyar Turai suna da nasu ƙarfin, ya nemi Apocalyptica, matasa huɗu daga makarantar kiɗa ta Sibelius da suka kaɗa waƙoƙin Metallica da celo zalla a 1996, babu jita babu ganga.

Ɗan Samaru:

Na gode ƙwarai, Malam da Yaya da Maigida. Bayanin ya sa na yi wani tunani: tunda muna da kakaki da algaita da tambari, waɗanda duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Zazzau ranar hawan salla ya san ƙarfinsu, me zai hana a gwada irin wannan da namu kayan?

Mai Situdiyo, Sabon Gari:

Ta fuskar sauti, algaita ce za ta fi sauƙi, domin muryarta siririya ce mai kaifi, za ta ratsa jita ba tare da an taimaka mata ba, kuma mai busa ta yana iya jan sauti ba yankewa. Myrath ta Tunisiya ta daɗe tana saka karin waƙar Larabawa a cikin metal, saboda haka hanyar ba baƙuwa ba ce. Matsalar ita ce saiti: jita da fiyano an yanka musu matakan sauti 12 tabbatattu, algaita da gogen Hausa kuwa kowane makaɗi da inda nasa ya tsaya, sai dai a saita jita ta bi shi. Muryar ofera ma ba za ta karɓi Hausa da sauƙi ba, tunda idan karin waƙa ya saɓa wa hawa da saukar kalma, ma'ana takan jirkice. Kakaki kuwa sauti biyu yake da shi, sannan shi da tambari kayan sarauta ne da ba a taɓa wa kowa, don haka wanda ke son su shiga situdiyo sai ya fara bi ta wurin makaɗan fada ya nemi izini.