Anga ta ƙi kama ƙasa a tsakiyar kogi

Salamu alaikum 'yan uwa masunta, don Allah ku ba ni shawara. Kwale-kwalena na katako ne, tsawon mita 5. A bakin gaɓa lafiya lau, amma da na shiga inda ruwa ke gudu don jefa fatsa, sai anga (ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don tsayar da jirgi) ta riƙa jan ƙasa, jirgin ya juya ya ba ruwa gefe. Wannan ne ke tsorata ni, kifewa ba wuya. Na ƙara wa angar nauyi, na saki igiya ninki 5 na zurfin ruwan, kuma a goshin jirgi nake ɗaurewa. Ƙasan wurin yashi ne zalla. Sarƙa zan sa tsakanin anga da igiya, ko kuwa irin angar ce ba ta riƙe yashi?