Shin in ba da aron motata mai ɗakin kwana, ko in sa ta haya?

Mai tambaya, daga Garwa:

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Hiace mai shan dizal wadda na sa aka cire kujerun bayanta, aka yi mata gado da ɗan kabad da tankin ruwa da wurin ajiye murhun gas, aka kuma ɗora faifan sola a samanta domin fanka da ƙaramin firij. Na yi mata wannan gyara ne saboda tafiye-tafiyen kasuwanci tsakanin Garwa da Ngaundare da Marwa, amma yanzu galibin shekara a gida take a ajiye. Buƙatu biyu sun zo mini a lokaci guda. Ƙanin maiɗakina yana son in ara masa ita domin ya kai iyalinsa biki a Kusuri, kuma ya ce mai yiwuwa su tsallaka zuwa Injamena. Wani mai kai baƙi yawon buɗe ido kuma yana son ya riƙa ɗaukarta haya da rani zuwa gandun dajin Binuwai da Rumsiki, ya biya ni kuɗin kowace rana. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar: wanne ya fi hatsari, kuma idan wani abu ya faru a hanya, a kan wa nauyin zai faɗa?

Tsohon wakilin inshora, daga Ngaundare:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka amsa wa kowa, ɗauko takardar inshorarka ka karanta abin da aka rubuta a kan irin aikin da motar take yi. Kamaru da Chadi duka suna bin dokar inshora ɗaya, wato ta CIMA, ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a wasu ƙasashen Afirka, wadda aka sa hannu a kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, kuma a ƙarƙashinta inshorar da doka ta wajabta tana biyan mutanen da motar ta cutar ne, ko da ba mai motar ne yake tuƙi ba. Saboda haka aro ga surukinka ba ya ɓata inshorar, muddin yana da permi, wato lasisin tuƙi, mai aiki wanda ya dace da motar. Sai dai mutane da yawa ba su lura cewa wannan inshora ba ta gyara motar mai ita. Idan ya kife da ita a gangaren dutsen da ke kan hanyar Ngaundare, ko ya shiga rami ya karya ƙafarta, daga aljihun wani a cikinku kuɗin gyaran zai fito.

Haya kuwa wani babi ne dabam. Motar da aka yi wa inshora a matsayin ta amfanin kai da harkokin mai ita, idan aka mayar da ita ta neman kuɗi ba tare da an sanar da kamfanin ba, an sauya hatsarin da suka amince su ɗauka. Sashe na 18 na dokar ya ce idan an ɓoye gaskiya da gangan kwangilar ta ɓaci, kuma kuɗin da ka riga ka biya ba za su dawo ba. Sashe na 19 ya ce idan ba da gangan ba ne, za a rage abin da za a biya gwargwadon bambancin kuɗin inshorar. Haka nan ka duba ko adadin kujerun da ke rubuce a kart giriz, wato takardar rajistar mota, ya dace da yadda motar take yanzu, domin cire kujeru da sa gado da gas abu ne da ya kamata kamfanin ya sani. Batun Injamena kuma, kada motar ta hau gadar Ngeli da ke tsakanin Kusuri da Injamena ba tare da katin inshorar ƙasashen CEMAC (ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya) ba, wanda ake kira kart roz, da takardar izini daga gare ka mai ɗauke da sunan direban, wadda aka buga wa hatimi a komisariya, wato ofishin 'yan sanda.

Almajirin fiƙihu, daga Marwa:

Allah ya saka wa mai amsar farko da alheri. Zan ƙara abin da malamanmu na Malikiyya suke karantarwa, domin jama'a sukan ɗauka cewa duk wanda ya ari abu ya lalace a hannunsa, dole ne ya biya. A cikin littafinsa na fiƙihu mai suna Risala, Ibn Abi Zaid ya bambanta abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufafi da kayan ado, da abin da ba a iya ɓoyewa, kamar dabbar hawa: na farko mai aro yana lamuncensa, na biyu kuwa ba ya biya sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka ba shi. Mota ta fi kusa da dabbar hawa, amma tukunyar gas da batir da firij da ke cikinta abubuwa ne da ake iya ɗaukewa, don haka ya kyautu a lissafa su dabam. Shi ma mai haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace ba da laifinsa ba, kuma hayar ba ta inganta sai an san kuɗinta da tsawon lokacinta ko nisan tafiyar.

Abin da wannan yake nufi gare ka, Alhaji, shi ne iyakar da ka faɗa da bakinka ita ce za ta raba gardama daga baya. Idan ka ce Kusuri, shi kuma ya wuce Injamena, ya ƙetare iyaka. Idan ka yi shiru saboda kunyar surukuta, ka bar ƙofa a buɗe. Ba da aro alheri ne mai lada, amma ba wajibi ba ne mutum ya ba da dukiyar da yake tsoron salwantarta, kuma rubuta sharaɗi a gaban shaidu biyu ba rashin yarda ba ne.

Bakanike, daga Garwa:

Malamai sun yi bayanin doka da shari'a, ni kuma zan faɗi abin da muke gani a gareji. Hatsarin da ake iya nunawa da yatsa ba shi ne ya fi cinye motocin aro da na haya ba. Ɓarnar da ba ta bayyana sai bayan wata guda ita ce matsalar. Mutum zai sayi zuwa-zuwa, wato man fasa-ƙwauri, a bakin hanya domin ya fi arha, wani lokacin an gauraya shi da kananzir ko ruwa, sai famfon dizal da nozul su fara ciwo bayan an dawo maka da mota an yi maka godiya. Wani zai bar firij da fanka a kunne har batirin sola ya ƙare ƙaf, alhali batirin da ake yawan zuƙewa haka ba ya daɗewa. Ga lodin da ya wuce kima, wanda a tafiyar biki ba a raba shi da mota. Ta yaya za ka tabbatar da sakaci a irin wannan? Ba za ka iya ba.

Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusuri ta daɗe tana wahalar da motoci, kuma a yankin Dabanga ne aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya a 2013, don haka ba hanyar da za a kwana a gefen titi ba ce don kawai mota tana da gado. Murhun gas kuma ba a kunna shi ana rufe da ƙofa. Shawarata ita ce kada makulli ya bar hannunka sai zuwa hannun direban da kai ka zaɓa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko aro ne ko haya, motar ta tafi da direbanka, su ɗauki nauyin mai da abincinsa, kuma man a gidan mai za a saya a kawo rasit.

Wata 'yar kasuwa, daga Injamena:

Ban yarda da a haɗa surukinka da mai kai baƙi yawon buɗe ido a ma'auni ɗaya ba. Mai haya baƙo ne, kana iya karɓar kuɗin ajiya a hannunsa, ku ɗauki hoton motar ciki da waje, ku rubuta lambar kilomita, kuma idan ya saɓa ka kai shi ƙara ba tare da gidanka ya girgiza ba. Ƙanin maiɗakinka kuwa ba za ka iya kai shi gaban jandarma ba, kuma duk abin da ya faru maiɗakinka ce za ta shiga tsakani. A ganina aron ne ya fi hatsari, ko da yake shi ne ya fi sauƙi a takarda. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka biya musu kuɗin motar safa zuwa Marwa a matsayin gudummawar biki, daga can su nemi ta Kusuri.

Mai tambaya, daga Garwa:

Na gode muku ƙwarai. Na duba kart giriz, kuma adadin kujerun da ke ciki na kafin gyaran ne, saboda haka zan fara da ofishin sufuri da kamfanin inshora kafin in sake magana da mai hayar. Game da surukina, zan gaya masa cewa motar za ta iya zuwa Kusuri da direbana amma ba za ta tsallaka gada ba. Ina roƙon wakilin inshora ya ƙara mini haske a kan abu ɗaya: idan direbana ne yake tuƙi, baƙin kuma suna biya, shin wannan haya ce ko ɗaukar fasinja, kuma wace takarda ce za a nema a shingen jandarmomi?