Laftof ɗin gem da dubu 750, a taimaka da shawara

Abba Kubwa: Salamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah masu sani ku taimaka, na haɗa dubu 750 ina son laftof da zan dinga buga gem ɗin ƙwallo na FC da GTA V, sai ɗan AutoCAD, manhajar zanen gini da injina, na makaranta. Jiya na leƙa wani shago aka nuna min wata siririya mai kyau wai firosesarta, wato ƙwaƙwalwar laftof ɗin, Core i7 ce ita ce daidai ni, na ce bari dai in fara tambaya a nan tukunna, kuɗin nan shekara guda na yi ina tara su

Sadiq: Wa alaikumussalam. Wane girafik ne a cikinta?

Abba Kubwa: Wlh ban sani ba Yaya Sadiq, ya dai ce i7 ce ram 16

Sadiq: To ai nan ake yanka mutane. Kai i7 kawai ka ji ka rikice, alhali i7 ƙarni-ƙarni ce, ta ƙarni na 7 tun 2017 take, i5 ta ƙarni na 12 za ta yi mata fintinkau. Kuma gem ba firosesa ce ke ɗaukar nauyinsa ba, katin girafik ne, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto, in ka ga an rubuta Intel UHD ko Iris Xe kaɗai to ta ofis ce, ka ajiye musu kayansu. Ka nemi mai Nvidia. Mafi ƙaranci GTX 1650 mai jiga 4, sama da ita RTX 3050 ko 1660 Ti mai jiga 6, in kuma Allah ya sa ka dace da RTX 3060 Landan yus a kuɗin nan ka rungume ta kar ka waiwaya. Farashi dai dala yake bi, abin da na saya bara ba shi ne yau ba

Bash: Ni fa da ni ne PS4 zan saya hankalina kwance, canjin in sayi ƙaramar laftof ta karatu. FC dai a babbar talabijin yake daɗi

Abba Kubwa: Na yi wannan tunanin Bash, amma a hostel nake kuma AutoCAD ɗin ma yana son mai ƙarfi, abu ɗaya nake so in saka a jaka in tafi

Injiniya Musa: Abba bari in ƙara kan maganar Sadiq, don ni kullum cikinsu nake buɗewa. Sunan kati ɗaya ne amma wutar da aka ba shi ba ɗaya ba ce. 3060 ta laftof akwai wadda aka ɗaure a wat 60, akwai mai kaiwa 130, duk sitika iri ɗaya aka manna musu. Siraran nan da ke burge ku su ne ake rage wa wuta saboda ba su da wurin fitar da zafi. Hanya mai sauƙi ka ce a miƙo maka cajar, ka juya bayanta ka karanta. In ka ga 230W mai nauyi kamar rabin bulo to injin na cin abinci sosai, in ƴar ƙarama ce kamar ta waya ka san inda aka dosa. Ni a kan sanyi Lenovo Legion 5 nake fara kira, sai ASUS TUF da Acer Nitro 5, HP Victus ma ba laifi

Ɗan Jos: Mu nan Allah ya hutar da mu, sanyin Jos kaɗai fanka ne 😂 ku na Abuja a watan Maris ai sai addu'a. Amma ƙurar hunturu ba ta bar kowa ba. Tawa ta fara ihu kamar jirgi zai tashi, zafi har digiri 95, ana tsakiyar wasa sai ta dinga sanɗa, da muka kwance bayanta abin da muka zaro a bakin fanka sai ka rantse soson wanka ne, aka goge aka sa sabon man firosesa ta dawo hayyacinta. Kuma dan Allah a daina ɗora ta kan katifa

Anti Zee: Ni tambayata batir, ƙanina ma irinta yake damuna da ita, awa nawa take yi in an ɗauke wuta?

Injiniya Musa: Hajiya in gem ake yi da ƙyar ta wuce awa ɗaya zuwa biyu, kuma da an zare caja ita da kanta take rage ƙarfi, wasan ya fara tsalle. Wuta take so ko janareta ko inbata. Ƙaramin janareta zai ɗauke ta amma a haɗa da abin kare hawan wuta, caja nawa aka kawo min a ƙone

Sadiq: Ram kuma, wato ma'ajiyar wucin gadi da laftof ke aiki da ita, kar ka biya kuɗi da yawa a kanta. In ka samu mai kati mai kyau da ram 8 ɗauka, daga baya ka ƙara wata 8 su zama biyu, sanda biyu sun fi ɗaya gudu. Shi girafik ne ba ya canzuwa, a manne yake da allo, abin da ka saya da shi za ka zauna. SSD, wurin ajiyar gem da fayil, kar ta gaza jiga 512, GTA V da FC kowanne wajen jiga 100 yake nema

Malam Habu: Ni abin da ya same ni zan faɗa. Na saya a hannun wani da muka haɗu a intanet, ya kunna min ta kawo fes, na ga RTX na tura kuɗi. Kwana huɗu ina kunna wasa sikirin ya cika da layuka kore da ja, ashe girafik ɗin ya taɓa lalacewa aka gasa shi da zafi ya ɗan farfaɗo, lambarsa kuma har yau a kashe. Abba kar kunya ta hana ka, ka zauna a shagon ka buɗe Task Manager na Windows, mai nuna kayan cikin laftof, ka ga sunan katin da idonka, ka kunna gem mai nauyi minti 20 zuwa 30 kana sauraron fankoki biyun, ka shiga BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, ka tabbata ba a kulle shi da kalmar sirri ba, ka danna kowane maɓalli, ka ɗaga murfin ka ji ko hinji na ƙara. Rasit kuma da siriyal lamba a jiki da kwanakin garanti a rubuce, ba na baki ba

Injiniya Musa: Ka ƙara da rubuta powercfg /batteryreport a cmd, baƙin allon rubuta umarni na Windows, zai nuna maka abin da ya rage a batirin. Kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa daga ƙarni na 8 take karɓa, wani dalilin kenan na barin tsohuwar i7 ɗin can

Abba Kubwa: Kai Allah ya saka da alheri, da yanzu na tafka. Asabar in sha Allah zan shiga Banex, kasuwar kwamfuta ta Wuse 2, in zagaya, Oga Musa ko za ka daure ka raka ni?

Injiniya Musa: Bayan azahar ina Wuse 2, ka kira ni. Ka taho da gem ɗin a had dis, kuma kar ka faɗa wa kowa nawa ne a aljihunka sai mun gama dubawa

Bash: In an dace a kawo ta Kubwa mu wanke, ni zan ɗauki Madrid