Neman shawara: bincikena kan jita-jitar WhatsApp ya tsaya cak

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina digiri na biyu a fannin aikin jarida, ina bincike kan yadda jita-jitar allurar rigakafi ke yawo a gurup-gurup na WhatsApp na Hausa. Tattara bayanai ne ya gagare ni. Na so in haɗa da Facebook, sai na tarar Meta, mai Facebook, ta rufe CrowdTangle, manhajar da masu bincike ke bibiyar abin da ke yawo a Facebook da ita, tun Agustan 2024, X (tsohuwar Twitter) ma ta daina ba masu bincike bayanai kyauta tun 2023. Wata ƙawata ta ce in shiga gurup ɗin unguwanni in yi shiru, ina kwafe saƙonni, ba wanda zai sani. Hankalina bai kwanta da hakan ba. Don Allah me kuka gani?

Wani malamin jami'a: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki soma. Gurup ɗin unguwa tamkar tsakar gida ne, uwa za ta faɗi ciwon ɗanta a nan don ta yarda da waɗanda ke ciki. A 2012 Facebook ta sauya abin da mutum 689,003 ke gani a shafukansu na mako guda don ta gwada ko zai taɓa yanayin zuciyarsu. Da aka wallafa sakamakon a 2014 duniya ta yi caa, saboda ba a tambayi kowa ba. Ga kuma dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Ki fara da kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku, ki nemi izinin admin, a sanar da 'yan gurup ko ke wace ce da abin da ya kawo ki. Wanda bai yarda ba, ki bar saƙonsa. Sunaye da lambobin waya kuma ki goge tun ranar da kika kwafa.

Wata 'yar jarida: Gaskiyar Malam ce. Ki duba aikin da cibiyar nazarin dimokuraɗiyya da ci gaba ta CDD ta yi da Jami'ar Birmingham kan WhatsApp a zaɓen 2019. A Kano da Oyo suka yi, kuma zama suka yi da mutane suna tambayarsu. Ke ma ki zauna da mace ta buɗe miki wayarta da kanta, ta ce wannan ƙanwar mijina ce ta turo. Wanda ya turo shi ne rabin labarin.

Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta: Anti, ki shirya wa saƙon murya. Mutanenmu da shi suka fi aiki, kuma sai kin saurara kin rubuta da hannu. Taskar NaijaSenti ta 2022 tana da saƙonnin Twitter na Hausa kusan 30,000, amma rubutu ne zalla. Ko a rubutun ma, wani zai sa "rigakafi", wani "riga kafi", wani "allura" kawai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai mai duba aikina ya dage sai ya ga alƙaluma.

Malamin jami'a: Zai gani. Ki ɗauki gurup uku ko huɗu da suka amince, na tsawon wata biyu. Ki ƙirga saƙonnin rigakafi, nawa ne murya, nawa rubutu, nawa ke ɗauke da alamar kibiya biyu ta saƙon da aka tura sau da yawa. Tun Afrilun 2020 irin wannan saƙo wuri ɗaya kacal ake iya tura shi a lokaci guda, don haka ki tambayi mutane ko suna sake ɗora shi a matsayin sabo.