Shin tarihin diflomasiyya na sarakuna ne kaɗai?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa, kuma abin da ke damuna shi ne yawancin abin da muke karantawa jerin yarjejeniyoyi ne: sulhun Westfaliya na 1648, taron Biyena na 1815, da yarjejeniyar 1961 wadda ta tsara kariyar jakadu. Talakawa ba sa fitowa sai an zo ƙirga waɗanda yaƙi ya ci. Shin wannan fanni yana da abin faɗa game da al'umma, ko kuwa sha'anin fada ne daga farko har ƙarshe?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, ɗana. Takardun fada su kansu cike suke da labarin al'umma, idan mutum ya iya karatunsu. Ka dubi wasiƙun Amarna da aka gano a Masar a 1887, allunan yumɓu fiye da 350 na ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa. Manyan sarakuna suna kiran juna 'yan'uwa, suna neman auren 'ya'yan juna, suna ƙorafi idan zinariyar da aka aiko ta yi kaɗan. Wato ba su ƙirƙiro wata sabuwar hanya ba, dokokin zumunci da surukuta da ramuwar kyauta suka ɗauko daga gida suka kai tsakanin dauloli. Abin da ya fi burge ni shi ne yawancin wasiƙun da Akadiyanci, tsohon harshen yankin Iraƙi ta yau, aka rubuta su, ba da harshen Masar ba, wanda ke nuna akwai marubuta a fadar Fir'auna da suka shafe shekaru suna koyon baƙon harshe. Waɗannan marubuta ba sarakuna ba ne, amma ba don su ba da magana ba ta isa ba.

'Yar Tarihi:
Malam ya yi gaskiya, kuma zan ƙara da cewa a riƙa tambayar wane ne al'umma ta yarda ya wakilce ta. A Turai an daɗe ana ɗauko jakadu daga gidajen sarauta da masu dukiya, domin jakada yakan ciyar da gidan jakadanci daga aljihunsa. A Daular Usmaniyya kuwa, tun daga ƙarni na 17 muƙamin babban tafinta ya koma hannun wasu iyalan Girkawa na Istanbul, Kiristoci a tsakiyar gwamnatin Musulmi. Batun mata ya fi yi mini ciwo. Tarayyar Sobiyet ta ba Alexandra Kollontai jagorancin ofishin jakadancinta a Norwe a 1923, amma Birtaniya ba ta buɗe wa mata aikin diflomasiyya ba sai a 1946, kuma har farkon shekarun 1970 duk wadda ta yi aure sai ta ajiye aikin.

Mai Duba Ƙasa:
Na yarda da ku biyun, sai dai kada mu kambama ƙarfin jama'a fiye da kima. Gaskiya ne Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa mutane sun tsani ƙulle-ƙullen ɓoye, musamman da 'yan juyin juya halin Rasha suka wallafa yarjejeniyoyin sirri a 1917, har da ta Sykes da Picot wadda ta kasafta ƙasashen Larabawa tsakanin Birtaniya da Faransa. Shugaba Wilson na Amurka ya sa buɗaɗɗiyar diflomasiyya a farkon sharuɗɗansa 14 na 1918, kuma a 1919 aka kafa kujerar farfesa ta farko a siyasar duniya a Aberystwyth da ke Wales, da burin hana maimaituwar irin wannan yaƙi. Duk da haka, tattaunawar da ta haifar da yarjejeniyar Oslo tsakanin Falasɗinawa da Isra'ila a 1993 a asirce aka yi ta, jama'ar ɓangarorin biyu ba su ji ba sai da aka kusa gamawa.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai, Malamai. Batun tafintocin Istanbul ya fi ɗaukar hankalina, kuma ina son sanin yadda daular ta riƙa tabbatar da amanarsu alhali su kaɗai ke jin abin da ɓangarorin biyu ke faɗa.