"Tsinka jini" ko "hana gudan jini"? Mu tsai da suna ɗaya

Jama'ar Katsina, musamman ma'aikatan lafiya da masu jinya, ku matso mu daidaita wata kalma. Wanda aka yi wa aikin sauya gaɓar ƙugu ko ta gwiwa, a Asibitin Ƙashi na Dala ne ko Indiya ko Masar, ana sallamo shi da magani irin wanda Bature ke kira anticoagulant. A bakin mutanenmu ya zama "maganin tsinka jini". Ni dai sunan nan bai kwanta mini ba.

Me ya sa ake ba da shi? Bayan aikin, ƙafa ba ta motsi, jini ya rage gudu a jijiyoyin can ciki. Aikin kansa ya taɓa jijiyoyin, jiki kuma ya zabura yana neman tsai da zubar jini. Idan ukun nan suka haɗu sai jini ya dunƙule a sharaɓa ko cinya. Idan gudan ya ɓalle, ya ratsa zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu, ana iya rasa mutum nan take, alhali gaɓar da aka sa masa lafiya lau take. Ba tsofaffi kaɗai ba ne. Matasanmu masu sikila da kan ƙashin ƙugunsu ya mutu su ma ana yi musu aikin nan.

To, a Hausa abin da ya tsinke ya lalace. Kunu in ya tsinke ba mai marmarinsa. Ka dubi tsohuwar da ta zubar da jini a tiyata, 'ya'yanta na ta kawo hanta da alayyahu da zogale don jini ya dawo, sannan ka miƙa mata ƙwaya ka ce, "Hajiya, wannan zai tsinka miki jini." Wallahi ƙarƙashin matashi za ta tura ta. Kuma maganin ba ya mai da jini ruwa, ba ya rage shi. Rivaroxaban da apixaban, ƙwayoyi biyu daga cikin irin maganin nan, suna danne ɗaya daga cikin sinadaran da ke sa jini ya dunƙule ne kawai.

Wasu sun ce "maganin narkar da jini". A'a. Masu narkar da gudan da ya riga ya toshe jijiya daban suke, na gaggawa ne, a asibiti kaɗai ake yin su.

"Riga-kafi" fa? Ma'anar ta yi, amma kunnen Bahaushe ya saba riga-kafi allura ce ɗaya a tafi gida. Nan kuwa rivaroxaban mai miligiram 10 kullum ake sha, mako 2 in gwiwa ce, mako 5 in ƙugu ne. Apixaban miligiram 2.5 ne, safe da yamma. Enoxaparin allura ce a fatar ciki, ita ma kullum. Wasu likitocin asfirin suke zaɓa. Haɗarin bai ƙare ranar sallama ba, yana bin mutum har ɗakinsa a Ƙofar Ƙaura ko Daura.

"Hana daskarewar jini" ya fi kusa, kuma ba zan yi faɗa da mai faɗinsa ba. Sai dai daskarewa tana jan hankali zuwa sanyi, har wani ya zaci ruwan zafi da bargo sun wadatar.

Abin da na tsaya a kai shi ne "maganin hana gudan jini". Gudan jini ba baƙo ba ne: ungozoma ta san shi, mahauci ya san shi. Sunan ya faɗi abin tsoro, ya faɗi aikin maganin. Nas za ta iya cewa, "Baba, wannan na hana gudan jini ne, ka shanye shi har kwanakin su cika, kuma ka riƙa takawa kamar yadda aka nuna maka. In sharaɓarka ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe, ko ƙirji ya riƙe, a taho asibiti ko tsakar dare ne."

Abu ɗaya zan yarda wa masu "tsinka jini": sunansu yana tunasar da cewa jini na iya wuyar tsayawa. Don haka namu sai an haɗa shi da gargaɗi. Ba ƙaho, ba tsaga, wanzami ya dakata har likita ya ce an gama. Kada a aika yaro kemis ya sayo diclofenac ko ibuprofen don ciwon ƙafa ba tare da an tambaya ba. Haɓon da ya ƙi tsayawa, jini a fitsari, ko bayan gida baƙi ƙirin, duk na komawa wurin likita ne a ranar.